Za'afaran: Furen Da Ba Ya Yaɗuwa Sai Da Hannun Mutum

Za'afaran suna ne da kunnen Bahaushe ya daɗe da sabawa da shi. Ɗalibin da ya kai babin aikin Hajji ya ji shi, domin tufar da aka rina da shi tana cikin abin da aka hana mai harami sawa, kamar yadda ya zo a hadisin Abdullahi ɗan Umar a Muwaɗɗa da Buhari da Muslim. Mai zuwa wajen wa'azi ya ji an siffanta ƙasar Aljanna da shi. Macen da naƙuda ta zo mata da gardama, ta yiwu an taɓa yi mata rubutu da shi a farin tangaran, aka wanke ta sha. Alhajin da ya sauka daga Makka kuwa, ba wuya ka ga ɗan gwangwaninsa a cikin tsaraba, a gefen dabino da zamzam da bagaruwa.

Sai dai in ka tambayi jama'a ko za'afaran ɗin nan itace ne, ko haƙo shi ake yi daga ƙasa, ko kuma haɗi ne na masu turare, sai ka ji wuri ya yi tsit. Da wannan rashin sanin ne masu sayar da jabu suke cin kasuwarsu.

Za'afaran ɗan wani yanki ne na fure. Tsiron da ke ba da shi ɗaya ne daga cikin wani jinsi da masana tsirrai suke kira Crocus, shi kuma jinsin yana ƙarƙashin babban dangin Iridaceae, mai tsirrai sama da iri 2,000. Dangin ba baƙo ba ne a wajenmu. Rumana, wadda take fitowa a dazuzzukanmu da kan tuddai da damina, mai dogon ganye mai tsini da furanni a jere a kara guda, 'yar gidan ce, ita ce masana suke kira Gladiolus. Abin da ake gane 'yan wannan dangi da shi ba wuya: furensu yana da kunnuwa shida, sandunan da ke ɗauke da ƙurar nan rawaya da ƙudan zuma ke kwasa kuma guda uku ne, ba ragi ba ƙari. A riƙe wannan lissafi na uku, zai yi rana a gaba.

Shi dai Crocus ba ɗan ƙasarmu ba ne. Gidansa ya faro daga Fotugal da Maroko ta yamma, ya bi gaɓar Bahar Rum, ya ratsa Girka da Turkiyya da Iran, har ya dangana da yammacin ƙasar Sin. Inda ya fi yawan iri-iri shi ne Turkiyya da yankin Balkan. A shekarar 1982 wani masani ɗan Ingila, Brian Mathew, ya tattara su a littafi ya lissafa iri 80. Masu bincike na baya-bayan nan sun kai lissafin sama da 200, domin kusan kowane tsauni a wancan yanki yana da nasa. Dukkansu gajeru ne, da ƙyar suke wuce taƙi ɗaya daga ƙasa. Ganyensu siriri ne, da farin layi a tsakiya. Furen kuwa akwai fari, akwai rawaya, akwai shunayya, akwai mai ratsi-ratsi.

Sirrin daɗewarsu yana ƙarƙashin ƙasa. Kowane tsiro yana da wani ƙullutu da yake ajiye abinci a ciki, wanda in ka gan shi da ɓawonsa za ka ce ƙaramar albasa ce, in ka yanka shi kuma sai ka tarar tsoka ce guda irin ta gwaza. Ƙullutun shekara ɗaya yake yi. Yana ƙarar da abincin da ke cikinsa wajen fitar da fure da ganye, ya shanye, amma kafin ya mutu sai ya bar 'ya'ya a kansa. Da yake 'ya'yan a saman uwa suke fitowa, da an bar su haka da a hankali sun hauro sarari rana ta ƙone su. Sai aka hore wa tsiron wasu saiwoyi masu kauri da suke nutsawa ƙasa su takure, su janyo sabon ƙullutun zuwa zurfin da ya dace. Wani abin kuma: abin da ido ke gani kamar karan furen, ba kara ba ne, dogon maƙogwaron furen ne. Mahaifar da iri ke ƙulluwa a cikinta tana can binne, inda sanyi da bakin akuya ba sa kai mata. Sai iri ya nuna sannan take turo kai waje.

Yawancin 'yan jinsin nan ado kawai ake shuka su dominsa. A ƙarni na 16 aka riƙa kai ƙullutansu Turai daga Istanbul, mutanen Holan suka karɓi sana'ar, har yau kuma su ne kan gaba wajen sayar da su. A ƙasashen sanyi ana ƙaunarsu saboda suna cikin furannin farko da ke ɓullowa a watan Fabrairu da Maris, wani lokaci ma ta cikin dusar ƙanƙara. Akwai ma wata alaƙa tsakaninmu da su da ba kowa ya sani ba. Ƙungiyar Rotary ta Birtaniya takan shuka masu launin shunayya da yawan gaske kowace shekara don tara kuɗin yaƙi da cutar shan-inna. Dalilin zaɓen launin shi ne tawadar nan da ma'aikatan rigakafi suke shafa wa yaro a ɗan ƙaramin yatsa bayan sun ɗiga masa maganin, alamar da duk wata uwa a Kano ko Maraɗi ta sani. A watan Agustan 2020 ne aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali.

A cikin wannan taro duka, ɗaya ne tak ake noma don a ci, a sha, a yi rini da magani: Crocus sativus, wato za'afaran. Kuma shi ne naƙasasshen gidan, domin ba ya yin iri ko ƙwaya ɗaya.

Ga yadda abin yake. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu zarurruka da ke ɗauke da bayanan gado, ana kiransu kuromosom. A bisa al'ada biyu-biyu suke zuwa, don in lokacin haihuwa ya yi su rabu gida biyu daidai, rabi ya haɗu da rabin wani. Za'afaran uku-uku ya zo da su, takwas sau uku, 24 ke nan. Uku ba ta rabuwa biyu ba tare da saura ba, saboda haka duk lokacin da furen ya yi yunƙurin ƙulla iri sai lissafi ya rikice. Hanya ɗaya ta rage masa, ita ce ta 'ya'yan ƙullutu. Su kuma ba su da ƙafa. In aka bar su wuri guda sai su cunkushe, su yi ta ƙanƙancewa har su daina fure. Dole mutum ya zo da fartanya bayan 'yan shekaru ya tono su, ya rarraba, ya sake binnewa. Ba a samun za'afaran a daji ko'ina a duniya. Duk inda ka gan shi, wani ne ya ɗauko ya kawo.

An daɗe ana gardama kan asalinsa, wasu su ce Iran, wasu su ce Kashmir. A shekarar 2019 wasu ayari biyu na masu bincike a Jamus, ɗaya a Gatersleben ɗaya a Dresden, suka bi diddigin ƙwayoyin gadonsa, suka gano cewa ya fito ne daga wani ɗan uwansa na daji mai suna Crocus cartwrightianus, binciken Gatersleben kuma ya kai su har yankin da ke kewaye da birnin Atina na Girka. Wannan ya zo daidai da abin da masu tonon tarihi suka gani. A tsibirin Santorini akwai wani gari, Akrotiri, da aman wuta ya binne fiye da shekara 3,500 da suka wuce. Da aka fara tone shi a 1967, daga baya aka ci karo da zane a jikin bango: 'yan mata sun yi ado suna tsinkar furen a kan duwatsu suna zubawa a kwando. A tsibirin Kirit ma akwai zanen wani biri yana irin wannan aiki.

Abin da wannan ke nufi yana da ban mamaki in mutum ya tsaya ya yi tunani. Za'afaran da ke gonar Kashmir, da na Iran, da na Sifaniya, da na Maroko, kusan tsiro ɗaya ne da aka yi ta gutsura ana miƙa wa juna tsawon dubban shekaru, daga hannun wannan manomi zuwa na wancan, daga wannan ayari zuwa wancan. Bambancin da ake ji tsakaninsu na ƙasa ne da yanayi da yadda aka busar. Akwai kuma hatsari a ciki. Gero ko masara in cuta ta addabe su, masana sukan haɗa wannan iri da wancan su fitar da mai juriya. A za'afaran babu wannan ƙofa.

Kalandarsa ma a juye take. Lokacin zafi, daga Yuni zuwa Satumba, barci yake yi a busasshiyar ƙasa, gonar fayau kamar ba a shuka komai ba. Sai iska ta fara sanyi a watan Oktoba, an ba shi ruwan farko, sannan ya farka. Furen kan riga ganye ko su fito tare. Ganyen ya zauna kore duk tsawon hunturu yana tara wa 'ya'ya abinci, ya bushe a watan Afrilu ko Mayu. Furen kuwa gaba ɗaya mako biyu zuwa uku yake yi a gona, kowane guda kuma bai fi kwana ɗaya ko biyu ba yake yaushi. Amfanin shekara ɗungurungum a cikin waɗannan 'yan kwanaki yake.

Mu leƙa wata gona a Khurasan, gabashin Iran, a farkon Nuwamba. Tun kafin assalatu mutane sun fito da fitilu, sanye da rigunan sanyi, domin ana son a tsinke furen yana rufe, kafin rana ta buɗe shi ƙura ta shiga, zafi ya taɓa abin da ke ciki. Furen a ƙasa yake, don haka a duƙe ake aikin, awa uku ko huɗu, ana sa farce a gindin kowane ɗaya ana jefawa a kwando. Da hantsi an gama. Gobe da asuba gonar da aka share jiya ta sake cika, a sake duƙawa. Wannan rabin aikin ne. A gida sai a shimfiɗa zane a juye furen ya yi tsibi, a kewaye shi, mata da tsofaffi da yara. Ka ɗauki fure, ka buɗe kunnuwansa, a tsakiya za ka ga sanduna uku rawaya, waɗannan ba su ake nema ba. A tsakaninsu akwai wasu silla uku jajaye wur, masu tsawon kamar gaɓar yatsa, da suka haɗu a gindi suka zama fari-fari. Su za ka tsinke. Waɗannan silla uku su ne za'afaran, sauran furen duk shara ne ko abincin dabba. Dole kuma a gama da tsibin yau a yau, domin in ya kwana ya fara ruɓa. Shi ya sa a wannan wata ake kai tsakar dare ana aiki, yatsu sun rine.

Sillan da aka tsinke ɗanye kusan ba shi da ƙamshi. Busarwa ce take tayar da shi. Sinadarai uku ne ke riƙe da darajar za'afaran: kurosin mai ba da launi, fikurokurosin mai ba da ɗaci, da safaranal mai ba da ƙamshi, shi na ukun kuma daga na biyu yake fita yayin da zafi ya taɓa shi. A La Manca ta Sifaniya a rariya ake zuba shi a ɗora a kan garwashi mai sanyin wuta. A Iran da can a inuwa ake shanyawa, yanzu na'urar lantarki ta yawaita. Ko ta wace hanya aka bi, kashi huɗu cikin biyar na nauyinsa tafiya yake yi. Kilo 5 na ɗanye shi ke komawa kilo 1.

Yanzu a yi lissafi. Kafin a sami kilo ɗaya busasshe sai an tsinke fure kamar 150,000, wani lokaci fiye. Giram ɗaya, wanda bai cika cokalin cin abinci ba, fure 150 ne, silla 450, kowanne ya bi ta tsakanin yatsun mutum. Hekta guda a Iran takan ba da kilo 3 zuwa 5 a shekara. Har yau kuma ba a sami injin da ya karɓi aikin daga hannun mutane ba, saboda furen gajere ne, ba ya son murza, kuma a cikin ganye yake fitowa. Tsadar za'afaran ke nan. Shukar ba ta da wuyar sha'ani a inda yanayi ya karɓe ta, ba ta cin ruwa da yawa, ba ta neman ƙasa ta musamman. Gumin mutane ake saya. A sari kilo yakan haura dala 1,000, a kantunan Turai da Amurka kuwa giram ɗaya yakan kai dala 5 zuwa 10 ko fiye.

Kusan kashi 90 cikin 100 na abin da duniya ke samarwa daga Iran yake fitowa, mafi yawa daga garuruwan Torbat Haidariyya da Gonabad da Ƙa'in. Akwai hikima a cikin hakan. Yankin busasshe ne, kuma za'afaran ba ya neman ruwa a lokacin zafi da sauran amfanin gona ke rububinsa. A Gonabad da ruwan ƙanat ake ba shi, wato doguwar hanyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa da aka haƙa da hannu tun kimanin shekara 2,500, uwar rijiyarta tana da zurfin kusan mita 300. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wannan tsari cikin kayan gadon noma na duniya a 2018. Sai dai manomin Khurasan ba shi ne ke cin moriyar ba. Takunkumin da aka ƙaƙaba wa ƙasarsa ya sa da yawa daga kayansa sai sun bi ta Dubai ko Sifaniya, a can a zuba su a kwalabe masu kyau da sunan wani kamfani, riba mai tsoka ta tsaya a can.

Ita Sifaniya labarinta daban ne. Musulmin Andalus ne suka kafa nomansa a can wajen ƙarni na 10, kuma a farkon ƙarni na 20 ƙasar tana samar da sama da tan 100 a shekara. Da ladan ƙwadago ya tashi, matasa suka koma birni, sai gonakin suka mutu. Yau abin da ke fita da hatimin La Manca na gaskiya 'yan ɗaruruwan kilo ne, amma ƙasar tana nan cikin manyan masu fitar da za'afaran. Mai hankali ya san daga ina cikon yake zuwa. A Afganistan, 'yan gudun hijirar da suka dawo daga Iran a shekarun 1990 su suka yaɗa shi a lardin Hirat, daga baya aka riƙa ƙarfafa wa manoma gwiwa su rungume shi a madadin furen da ake tatsar ofiyom daga jikinsa. A Kashmir, tuddan Pampur sun ba da kusan tan 16 a ƙarshen shekarun 1990, amma fari da gine-gine sun ci gonakin, yanzu 'yan tan kaɗan ake samu duk da shirin ceto da gwamnatin Indiya ta ƙaddamar a 2010. Girka tana da nata a Kozani. A nahiyarmu kuwa Maroko ce, a garin Taliwin da ke cikin tsaunuka, inda suke jefa shi a shayi. Saudiyya mai saye ce, babba ma kuwa, saboda gahawa da shinkafa. Wanda alhazai ke sayowa a Makka da Madina shigo da shi aka yi.

Abu mai tsada, mara nauyi, wanda mai saye bai san kamanninsa sosai ba, dole ya ja hankalin macuta, kuma ba yau aka fara ba. Bayan annobar da ta share Turai daga 1347, mutane suka yi imani za'afaran magani ne, farashi ya yi sama. A 1374 wani basarake ya tare fatake a hanyar Bazel ta ƙasar Suwizalan ya ƙwace musu sama da kilo 350, aka yi mako 14 ana yi wa fadarsa ƙawanya a kai. Birnin Nurembag na Jamus ya kafa hukumar duba za'afaran, kuma a 1444 aka ƙona wani ɗan kasuwa, Jobst Findeker, tare da gurɓataccen kayansa. Hukuncin ya yi tsanani, amma bai hana ba. A 2021 'yan sandan Sifaniya suka kama mutum 17 da ke shigo da na Iran, su cakuɗa da tarkacen fure da rini, su sayar da sunan La Manca.

Dabarun sanannu ne. Ana rina gemun masara ko zaren wata ciyawa a yayyanka. Ana amfani da kunnuwan wani fure mai arha da Larabawa ke kira usfur, wanda a kasuwannin ƙasashe da dama ake tallarsa ga baƙi da sunan za'afaran. Ana fesa wa na gaskiya zuma ko mai ko ruwan sukari don ya yi nauyi a sikeli. Ana haɗa jan sillan da farin gindinsa da aka rina. In gari ne kuwa, nan ne kasuwa ta buɗe: kurkur, jan barkono mara yaji, kalar abinci, duk suna shiga.

To yaya mai saye zai yi? Da farko ya guji gari, ya nemi silla. Ya ɗauki ɗaya ya duba a haske: na gaskiya siriri ne a gindi, yana faɗaɗa a kai kamar bakin ƙaho, gefen bakin da 'yan tsage-tsage. Sannan ya zuba ruwan sanyi a farin kofi ya jefa silla uku ko huɗu. Na gaskiya ba ya gaggawa. Za ka ga wani zare rawaya yana sauka a hankali daga jikinsa, sai bayan minti 10 ko 15 ruwan ya zama ruwan zinare, sillan kuma yana nan da jansa, in ka murza shi a yatsa ba ya dagargajewa. Na rini kuwa nan take yake sakin ja, ruwan ya yi jazur, shi kuma ya koɗe. A hanci na gaskiya yana da ƙamshi mai ɗan zaƙi, a harshe kuma ɗaci ne. In ka ji zaƙi a harshe, an yi masa wanka da sukari. In ka matse shi a farar takarda ya bar maiƙo, an sa masa mai. Wannan duka yana kama ƙananan ɓarayi ne. Manyan sun gano cewa 'ya'yan wani tsiro mai suna gardeniya suna da irin sinadarin launin za'afaran sak, har sukan ruɗi wasu gwaje-gwajen da ake yi bisa ma'aunin duniya na ISO 3632. Saboda haka gwajin da ya fi kowanne sauƙi shi ne farashi. Wanda ya miƙo maka cikin tafin hannu a kuɗin kwanon shinkafa, ko me ya rantse da shi, ba aikin mutane na dare da asuba yake sayar maka ba.

Wannan ya kawo mu kan tawadar rubutu. Maganar halaccin rubutun sha ta malamai ce, sun kuma yi ta, ba nan ne wurinta ba. Abin da ya shafe mu shi ne, abin da aka rubuta da shi cikin mutum yake shiga, sau da yawa ma cikin mai ciki ko jariri ko majinyaci. Za'afaran na gaskiya in aka jiƙa shi a ruwa ko ruwan wardi, rubutunsa rawaya ne zuwa ruwan goro. Jan garin nan da ake ƙullawa a leda, wanda ɗan kaɗan ɗinsa ke mayar da kofi guda ja kamar jini, rini ne aka laƙaba masa sunan. In an yi sa'a kalar abinci ce. In ba a yi ba, babu mai iya cewa ga abin da ke ciki, tunda ba suna, ba lambar NAFDAC, kuma a ƙasashe da dama an sha kama jabun za'afaran ɗauke da rinin da aka haramta sawa a abinci. A ganina malamin da ke rubuta wa mutane ya fi kowa cancantar ya san wannan. Silla 10 na gaskiya sun isa rubutu mai yawa, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Batun magani ma yana son a yi shi da awo. Likitocin da, har da Ibn Sina, sun ambaci za'afaran a cikin abubuwan da ke faranta zuciya. A zamaninmu an yi gwaje-gwaje, yawanci a jami'o'in Iran, inda aka ba masu ciwon damuwa mara tsanani miligiram 30 a rana na tsawon makonni 6 zuwa 8, aka ga sauƙi da ya yi kusa da na wasu magungunan asibiti. Gwaje-gwajen ƙanana ne, na ɗan lokaci, don haka ba hujja ba ce ta mutum ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa. Masu talla a Facebook da TikTok da ke jera masa cututtuka ashirin, daga ciwon daji zuwa rashin haihuwa, neman kuɗi suke yi. Kuma yawansa guba ne. Hukumar da ke tantance magungunan tsirrai a Jamus ta ƙayyade cewa daga giram 5 ana shiga hatsari, wajen giram 10 yana iya zubar da ciki, giram 20 yana iya kisa. 'Yan sillan da ake sa wa shinkafa ko shayi ba su kusanci wannan ba, amma mai juna biyu kada ta mayar da shi abin sha da cokali.

Ga kuma inda lissafin uku na ɗazu yake da amfani, musamman ga 'yan uwanmu mazauna Turai. Akwai wani fure mai suna Colchicum da ke fitowa a watanni ɗaya da za'afaran, launinsu ɗaya, tsayinsu ɗaya, har a wasu harsunan ana kiransa za'afaran makiyaya. Ba danginsu ɗaya ba, kuma kowane sashe na jikinsa guba ce da ba ta da makari, ko da yake daga gare shi ake fitar da maganin wani ciwon gaɓoɓi a ƙayyadadden awo. Sandunansa masu ƙura shida ne. Na Crocus uku.

Saura tambayar da na san tana cin wasu tun da suka ji farashin kilo: za a iya noma shi a nan? Tallan hakan ya fara yawo a intanet, ana kiransa jan zinare, ana sayar da ƙullutai da kwasa-kwasan koyarwa. A duba kalandar da aka ambata a baya. Watannin da ƙullutun ke buƙatar busasshiyar ƙasa ya yi barci, Yuni zuwa Satumba, su ne tsakiyar daminarmu, kuma babu abin da ke kashe shi kamar zafi haɗe da laima, nan da nan funfuna take ruɓar da shi. Furen ba ya fitowa sai zafi ya sauko wajen digiri 17, bayan haka kuma ganyen yana son watanni na sanyi na gaske kafin 'ya'ya su yi girman da za su yi fure baɗi. Hunturunmu sanyin dare ne da safiya, da rana ta take sai zafi ya dawo. Jos da Mambila suna da sanyin, amma suna da ruwan sama mai yawa a daidai lokacin da ba a so. Masu noma shi a ɗaki, a Indiya da wasu wurare, na'urar sanyaya ɗaki suke kunnawa dare da rana, abin da a nan yake nufin janareta da dizal ko faranti masu yawa na hasken rana. Ɗakin kuma fure kawai yake fitarwa daga abincin da ƙullutun ya riga ya tara a wata gona. Bayan an tsinke furen sai an mayar da shi ƙasa mai sanyi ya hayayyafa, in babu ita kuwa sai dai a sake yin odar sababbi da dala kowace shekara. Wanda ke da sha'awa ya gwada da 'yan ƙullutai a tukunya, ya ga ko za su sake yin fure a shekara ta biyu, kafin ya sayar da fili ko ya karɓi bashi.